Furen Farkon Damina, Tun Rani Ake Nemansa

Duk shekara, da zarar an yi ruwa biyu ko uku, sai ka ga masu sayar da fulawa na bakin titi a Kano da Kaduna da Zariya sun cika da masu saye. Gari ya yi sanyi, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa sha'awar ganin fure a tsakar gidansa ta motsa. Sai dai wanda ya fara shuka ranar da ruwa ya sauka, sai wajen Agusta zai ga fure, lokacin da kore ya riga ya rufe ko'ina. Furen da ke buɗewa a makon farko na damina, ko ma kafin ta faɗi, da abincin bara yake fitowa, da kuma hutun da shukar ta samu a rani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son gidansa ya riga na kowa yin ado, ga yadda zai ɓullo wa abin.

Abin da ke tada su

Yawancin shuke-shuken da ke riga saura fure suna da ma'ajiya: ko albasa a ƙarƙashin ƙasa, ko saiwa mai kauri, ko gindi mai tara ruwa. Wannan ma'ajiya ita ce rumbunsu. Da damina ganye ke cika ta, da rani shukar ta kwanta, sannan in lokaci ya yi ta fito da fure tun kafin ta yi sabon ganye sosai.

A ƙasashen sanyi, ƙanƙara ce ke kwantar da su, ɗumin watan Maris ya tada su. Shi ya sa tulif da dafodil da ake gani a hotunan Holan da Ingila suke bukatar mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai wuce digiri 9 ba kafin su yi fure. Shahararren lambun nan na Keukenhof da ke Holan, inda ake binne albasa wajen miliyan 7 duk shekara, tun kafin sanyi ya shigo ake dasa shi, sai ƙarshen Maris ake buɗe wa masu kallo. Mu ba mu da irin wannan sanyi. Ko a tsakiyar hunturu, daren Kano ba ya daɗewa a ƙasa da digiri 12, rana kuwa ta fito ta gasa ƙasa. Wanda aka kawo wa tsarabar albasar tulif zai iya ajiye ta wata uku a firji, nesa da kayan marmari, in yana da wutar da ba ta ɗaukewa. Ko ya yi sa'a, fure ɗaya zai gani na 'yan kwanaki, shi ke nan. Kuɗin da wahalar sun fi amfanin.

A ƙasarmu fari ne ke kwantar da shuka, ruwa ya tada ta. Wannan kuwa alheri ne, domin sanyi ba a hannunka yake ba, amma butar ban-ruwa a hannunka take.

Waɗanda ya kamata a nema

Amarilis ita ce ta farko ga mai koyo. Albasarta ta kai girman babbar albasar miya, tana fitar da kara mai rami a ciki, a samansa furanni biyu zuwa huɗu, ja ko ruwan lemo ko fari. Irin da ya saba da ƙasar nan yakan yi fure tun daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, lokacin da babu wani abu mai launi a tsakar gida. Tana son tukunya, tana kuma son matsi.

Sai albasar kwaɗi, wadda duk wanda ya taɓa ratsa fadama a farkon damina ya san ta: dogon ganye mai faɗi, farin fure babba mai jan zane a tsakiyar kowane kunne. Tana son wuri mai danshi, kamar kusa da makwararar ruwan alwala, kuma in ta zauna wuri ba ta son a riƙa tone ta.

Akwai 'yar uwarta da masana ke kira Scadoxus multiflorus. Da ruwan farko sai kara ɗaya ya ɓullo daga ƙasa ba ganye, ya buɗe jan dunƙule zagayayye, faɗinsa ya kai santimita 15, ɗauke da ƙananan furanni fiye da ɗari. Mako ɗaya zuwa biyu yake yi, sau ɗaya a shekara. Inuwa take so, don haka gindin mangwaro ko gefen katangar da rana ba ta duka da azahar ya fi mata.

Hatsin manoma ƙarama ce, farin furenta siriri mai ƙamshi, yana buɗewa da yamma, ba ya kuma daɗewa. Ita ma da ruwan farko take fitowa, a ƙasa mai yashi.

Ga mai ƙaramin wuri, babu kamar Zephyranthes, 'yar asalin nahiyar Amurka da ta bazu a gidajenmu. Ganyenta siriri ne, albasarta ba ta wuce kan babban yatsa ba, furenta ruwan hoda ko fari ko rawaya. Kwana uku zuwa biyar bayan ruwa mai ƙarfi sai ka wayi gari ta rufe wurin da fure, kuma takan maimaita sau da yawa kafin damina ta ƙare. A jera ta a gefen hanyar shiga ɗaki, tazarar yatsa uku tsakanin albasa da albasa.

Kariya kuwa tamu ce tun kaka da kakanni. Da rani take zubar da ganye ta yi fure jaja-jaja a kan rassa tsirara. Rana take so tun safe har yamma, kuma yawan ruwa ne ya fi kashe ta. In za a dasa reshenta, a bar bakin yankan ya bushe a inuwa kamar mako guda, sannan a kafa shi cikin yashi.

Mai fili babba ya ƙara da itace ɗaya: minjiriya mai jan fure, ko marga da ke sauko da zangarniyoyin rawaya a tsakiyar bazara.

Wajen samo iri, a fara da maƙwabta. Duk wadda ta shekara uku da amarilis ko Zephyranthes tana da 'ya'yan albasa da suka yi mata yawa. Na daji kuma, in za a ɗebo, a ɗauki ɗaya ko biyu daga cikin tari a bar saura, kada a yashe wurin.

Yadda ake dasa albasa

A fara da duba ta a hannu. Albasa mai lafiya tana da nauyi, tana da tauri in an matsa, gindinta inda saiwa ke fita a bushe yake. In ta yi laushi, ko tana wari, ko an ga rami a wuyanta, a jefar.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, musamman baƙar roba da ke dafa saiwa a zafin Afrilu. Ko tsohon tulu da ya tsage zai yi, muddin an huda gindinsa. A ɗora katanga ko tsakuwa a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta. Ga amarilis, a zaɓi tukunyar da in an sa albasar a tsakiya, yatsa biyu ne kawai za su shiga tsakaninta da bango.

Haɗin ƙasa kashi uku ne daidai wa daida: ƙasar gona, yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, da takin da ya ruɓe har ya koma baƙi ba ya wari. In akwai buntun shinkafa da aka babbaka ko garin gawayi, a zuba tafi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: a jiƙa shi, a dunƙula a tafin hannu, a buɗe. In ya tsaya amma ya wargaje da an taɓa shi da yatsa, ya yi. In ya manne kamar na gini, a ƙara yashi.

Amarilis ba a binne ta duka. Kashi ɗaya cikin uku na samanta, wato wuya da kafaɗa, a waje ake bari. Albasar kwaɗi ma wuyanta a waje. Zephyranthes da hatsin manoma a rufe su da ƙasa kamar kaurin yatsa biyu. Bayan dasawa a ba da ruwa sau ɗaya sosai, sannan a dakata har sai an ga kore ya leƙo. Yawancin albasar da ke ruɓewa, a wannan tsakanin take ruɓewa, saboda ana ta zuba mata ruwa alhali ba ta da saiwar sha.

Babban aikin yana bayan fure

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Fure ya bushe, ganye ya yi tsawo ya kwanta, sai maigida ya ce wurin ya yi ƙazanta, a sa almakashi. Wanda ya yanke ganyen nan ya yanke furen baɗi. Abin da za a cire shi ne karan furen kawai, don kada shukar ta ɓata ƙarfinta wajen yin 'ya'ya. Ganye kuwa a bar shi ya sha rana duk damina.

Lokacin ne kuma na ciyarwa. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na takin NPK 15-15-15 a kowace tukunya, sau ɗaya a wata, a barbaɗa a gefe kada ya taɓa albasar. A guji yuriya: za ta ba da ganye kore shar, fure kuwa babu.

Da kaka ta shigo, wajen Oktoba, a fara rage ruwa. Ganye zai yi rawaya ya bushe don kansa, sai a tsince shi. Daga nan a daina ruwa ɗungurungum, a kai tukunyar inuwa mai iska, a kwantar da ita a gefenta, a ɗora a kan bulo saboda gara. Amarilis tana bukatar hutun mako 8 zuwa 10. Bayan haka a tada tukunyar, a kwashe ƙasar sama a sa sabuwa, a ba da ruwa. Cikin mako 6 zuwa 8 za a ga fure. Da wannan lissafi mutum zai iya saita ta da wani biki ko suna da ke tafe. Mai tukwane shida kuma ya riƙa tada biyu-biyu, tazarar mako biyu, sai furen ya daɗe a gidan maimakon ya zo rana ɗaya ya wuce.

Waɗanda ke jiran ruwan sama, irin su Scadoxus da hatsin manoma, a bar su a bushe har bazara ta yi nisa. In ana so su riga damina, a jiƙa su sosai kamar mako uku kafin lokacin da aka saba samun ruwan farko.

Masu fitowa daga iri: a ƙirga da baya

Albasa tana ba da furen farko, amma furen ba ya daɗewa. Masu cike gurbin su ne fulawoyin da ake shukawa daga iri duk shekara, kuma sirrinsu lissafi ne. Ƙaramar marigol tana fure cikin kwana 45 zuwa 50 daga shuka. Ziniya kwana 60 zuwa 70. Saboda haka a Kano da Katsina, inda ruwa ke zama sosai a watan Yuni, sai a zuba iri a farkon Afrilu. A Kaduna da Jos, da ruwa ke riga sauka, a matso da shi zuwa Maris. A Maraɗi da Damagaram a jinkirta zuwa ƙarshen Afrilu.

A zuba irin a faranti mai huda ko a ledar fiyawata da aka yanke baki aka huda gindi. Ziniya da marigol a rufe su da ƙasa kaɗan, cikin mako guda za su tsiro. Irin da ya yi ƙanƙanta ainun, kamar na fotulaka mai buɗewa da hantsi, a gauraya shi da yashi a yayyafa a sama, kada a rufe. Ruwa safe da yamma, da buta mai rariya a baki. Idan tsiron ya yi ganye shida, a tsinke kan da farce, zai yi rassa ya ba da fure da yawa.

Kada a yi gaggawar fitar da su da ruwan farko. Sau da yawa ruwan Mayu yakan zo ya ɗauke mako biyu. A jira ruwan shuka irin wanda manomi ke jira, wanda in an tona danshi ya kai tsawon tafin hannu. Kafin nan, a yi mako guda ana fito da su ranar safe ana mayarwa inuwa, su saba. Ranar dasawa a bari sai bayan la'asar.

Akwai kuma zango na biyu da ake mantawa. Fetuniya da irinta masu son sanyi ba sa jure bazara, ba sa kuma jure ruwan Agusta. A shuka su a Oktoba, su yi mako 10 zuwa 12, su buɗe a tsakiyar hunturu.

Gidan rainon shuka irin namu

Turawa suna gina gidan gilashi ne don su tara zafi. Wanda ya kwaikwayi wannan a Sakkwato ko Maiduguri, ya rufe ko'ina da leda, zai tarar da zafin ciki ya haura digiri 50 a watan Afrilu, tsiron kuma ya dahu kafin azahar. Abin da muke nema daga gidan raino abu huɗu ne: inuwa, kariya daga iskar hunturu, kariya daga dukan ruwa, da katange dabbobi.

Ga mai gida, faɗin mita 2 da tsawon mita 3 ya wadatar. A kafa dirkoki masu tsayin mita biyu da rabi ko fiye, domin rufi in ya yi ƙasa zafi ke taruwa a kan shuka. A shafa wa gindin dirkokin baƙin mai saboda gara. A rufa da ragar inuwa mai tare rabin hasken rana, wadda masu kayan noma ke sayarwa. In ba ta samu ba, karan dawa da aka jera da 'yar tazara, yadda rana za ta riƙa ɗigowa, yana yin aikin. Gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, a kafa zana. Sauran gefuna a sa raga ko wayar kaji, iska ta riƙa ratsawa.

Da damina ta matso, a shimfiɗa farar leda a saman rufin kawai, da gangare, gefuna a buɗe. A ɗaure ta tamau, domin hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, kuma rumfar da ba a ɗaure ba a gidan maƙwabci ake tsintar ta. Tukwane a jera su a kan benci ko bulo. Da hunturu a riƙa wanke ƙurar da ke kan raga da ganyaye mako-mako, domin ƙura tana tare haske, tana kuma jawo jan gizo-gizon nan ƙanana da ke tsotse ganye.

Mutanen Jos kuwa suna da dalilin rufe gefuna da dare a Disamba da Janairu, saboda tudun ya kai wajen mita 1,200 kuma sanyin dare yana tsananta. Su ma da hantsi ya yi sai su buɗe.

A kula da ruwan tankin da ke kan rufi. Da rana yakan yi zafin da zai ƙona saiwa. A tara shi a randa ko baho a inuwa ya huce tukuna.

Ƙwari, awaki da guba

Babbar abokiyar gabar amarilis da albasar kwaɗi wata tsutsa ce mai zanen baƙi da rawaya. Tana shiga cikin ganye ta bi shi har cikin albasa. Da an ga ganye ya yi wani layi mai ruwa-ruwa, a tsaga a cire ta da hannu. Ga farin ƙuda da ƙwarin da ke manne wa ƙarƙashin ganye, a daka ƙwallon dogon yaro kamar giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a ɗiga ruwan sabulu kaɗan, a fesa da yamma. Ƙadangare da kaji suna gamawa da tsiro cikin yini ɗaya, akuya kuwa ba ta bukatar yini. Ƙofar gidan raino ta kasance mai sakata.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci. Kusan duk waɗannan shuke-shuke suna da guba. Albasar amarilis da ta kwaɗi da Scadoxus ba ta ci ba ce, kuma a ido tana kama da ta miya, don haka kada a taɓa ajiye ta a madafa ko a kwandon cefane. Ƙaron kariya dafi ne, mafarauta sun daɗe da saninsa. A sa safar hannu in za a yanke ta, kada kuma ƙaron ya shiga ido. Baurere, wanda wasu ke kira gatarin kurege, mai hawa da fure ja da rawaya a tsakiyar damina, saiwarsa tana kama da 'yar doya kuma tana kisa. Gidan da ke da yara masu rarrafe, a ɗaga tukwane sama ko a haƙura da shi. In yaro ya ci wani abu daga ciki, a garzaya asibiti da shi tare da guntun abin da ya ci, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Daga ina za a fara?

Kada a tara iri goma a shekarar farko. Tukunya uku na amarilis, layi ɗaya na Zephyranthes, kariya ɗaya, da faranti ɗaya na ziniya sun isa mutum ya koyi hannu. Inda aka binne albasa a ƙasa, a kafa 'yar turka ko a kewaye da duwatsu, a kuma sanar da mai shara da yaran gida, domin wata biyar wurin zai yi kamar babu komai, kuma a lokacin ne ake tone shi ko a ɗora murhu a kai.

A samu ɗan littafi a riƙa rubuta abu uku: ranar da aka daina ruwa, ranar da aka koma ba da shi, da ranar da fure ya buɗe. Kwanakin da na bayar a sama ma'auni ne na gaba ɗaya. Tsakar gidan da ke da siminti da doguwar katanga ta fi mai ƙasa da itatuwa zafi, kuma shukar za ta nuna bambancin. Bayan shekara biyu, littafin nan zai fi kowace shawara dacewa da gidanka.